Tsatsa a Fadamar Ɗanmusa

Ɗanmusa ya kwance bakin ledar, ya zaro tushen shinkafa ya ɗora kan teburin malamar gona a sakatariyar Gummi. Ganyen ya yi ja kamar tsohon kwano, saiwar tana ɗigar da ruwa mai launin tsatsa.

"Sau biyu ina zuba mata takin zamani, Malama. Kamar wuta nike ƙara mata."

Malama Mabel ta ɓantari ƙasar da ke jikin saiwar, ta dama a kofi, ta tsoma wata 'yar siririyar takarda. Nan take takardar ta rine.

"Baba, ƙasarka ta yi tsami. In ƙasa ta yi tsami, ƙarfen da ke cikinta narkewa yake, shinkafa ta sha ya ƙone ta. Ruɓaɓɓen taki, na dabbobi da ganye, shi ke kama ƙarfen ya riƙe. Da can me kake zubawa?"

Ɗanmusa ya tuna baya. Matarsa Tabawa ce mai awaki. Ita ke share turke, ta haɗa kashinsu da toka da ɓuntun shinkafa ta tara a bayan ɗaki, shi kuwa da bazara ya kwashe a jaki zuwa fadama. Damina uku ke nan da rasuwarta. Ana gama zaman makoki ya sayar da awakin, don duk magariba sukan tsaya a ƙofar ɗakinta suna kuka. 'Ya'yan kuma suna Ikko.

"Juji," ya ce. "Mai tara shi ta riga mu gidan gaskiya."

Malamar ta ajiye kofin a hankali. "Allah ya ji ƙanta."

"Amin. To, ta bana fa?"

"Ta bana sai haƙuri, Baba. Amma in ka fara tarawa yanzu, baɗi ƙasar za ta farfaɗo."

Ya fito bai ɗauki ledar ba. Hanyar tasha ta bi ta kasuwar dabbobi. Ya wuce, ya yi nisa, sannan ya komo.

Da la'asar yana kujerar bayan motar ƙauyensu, wata baƙar akuya mai ciki kwance tsakanin ƙafafunsa, ɗuminta na ratsa ƙwaurinsa. Direba ya leƙo ta taga.

"Baba, wagga ta suna ce ko ta yanka?"

Ɗanmusa ya sassauta igiyar wuyanta.

"Ta zama ce," ya ce.