Askin Jakada Ramil

Da hantsi Ramil ya shigo shagon askin wani Bahaushe, Abdulwasi'u, a unguwar Aziziyya ta Makka, mayafin haraminsa ya jiƙe sharkaf, ƙafafunsa na zogi saboda sa'ayi. Da gangan ya wuce shagunan bakin masallaci. Can 'yan ƙasarsu ke yin layi, kuma a cikinsu babu wanda bai san wannan farin gashi nasa ba.

Batatare ne shi, Musulmin Rasha, ɗan wani ƙauye a yankin Kazan. Ya karanta Larabci da Hausa a Mosko, aka tura shi Legas yin tafinta tun zamanin Sobiyet. Daga nan ya zama ƙaramin jakada a Jidda, ya koma gida ya yi majalisa sau biyu, ya sake fita jakada a ƙasashe uku. Lokacin yana Jidda shi ke kula da alhazan Rasha. Yakan raka su har shingen shiga Makka, ya ɗaga masu hannu, ya ce da direba a juya. A ganinsa ma'aikacin ƙasa ba ya nuna inda yake fuskanta. Sai bana, yana da shekara saba'in, ya sulalo Umra ba tare da ya gaya wa kowa a wurin aiki ba.

Nan da kwana huɗu kuwa zai zauna gaban kwamitin da zai ba shi, ko ya hana shi, kujerar da ya daɗe yana jira, ta shugaban tawagar tattaunawa da ƙasashen Larabawa. Masu adawa da shi dama suna raɗa cewa zuciyarsa ta karkata ga mutanen nan. In ya shiga ɗakin da kai tal, ya ba su hujja da hannunsa.

"Tafaddal ya hajj," in ji Abdulwasi'u da Larabci, yana kaɗe masa kujera ya zauna. "Aski ko saisaye?"

"Ka dakata tukuna, ɗana," in ji Ramil da Hausa, don ya ji da ita suke hira a shagon.

Almakashi ya kusa suɓuce wa Abdulwasi'u. Hisham, abokin aikinsa, Bahaushe haifaffen Makka, ya fashe da dariya.

"Wallah ya Abdu, Hausar Baba ta fi tawa!"

"Kai dama kana da Hausa ne?" in ji Abdulwasi'u yana hararar Hisham. "Ban da sunan abinci me ka sani?"

Ramil ya zauna, ya faɗa masu ko shi wane ne da abin da ke gabansa, a hankali, da irin Hausar nan ta masu karanta labarai a rediyo. Ya yi mamakin kansa. Shekara arba'in yana auna kowace kalma kafin ta fita, ga shi yau yana zazzage wa wanzami cikinsa.

"To Baba, abin ai da sauƙi," in ji Abdulwasi'u. "Saisaye ya halatta. In rage maka ko'ina kaɗan kaɗan, halas, shi ke nan, ko mai ɗakinka ba za ta gane ba."

"Kai da kai ne, wanne za ka yi?"

"Ni ba a jirana a Mosko, ranka ya daɗe. Abu ɗaya dai, ni daga dama nake farawa, kuma in reza ta ja layin farko, babu sauran shawara. Shi ya sa nake tambaya kafin in jiƙa kai."

Ramil ya dubi madubi. Ya yi ta lissafin abin da zai ce da kwamiti, kamar yadda ya saba shirya amsa tun ba a tambaye shi ba. Zai iya cewa likita ne ya sa. Zai iya cewa zafin Jidda ne. Duk amsoshin sun zauna daidai, kuma ya ji ya gaji da su tun bai faɗe su ba.

"Jiƙa," ya ce.

Abdulwasi'u ya ɓare sabuwar reza a gabansa, ya yi bisimilla, ya ja. Gashin ya riƙa faɗowa kan zanen da ke wuyansa. An kai rabi sai wayarsa ta ɗauki ƙara a cikin ɗamara. Sakataren kwamitin ne, kuma kiran bidiyo ne.

"Bar shi ya katse, Baba," in ji Hisham. "Ko ka sa tawul."

Ramil ya gyara zama, ya ja mayafi kan kafaɗa, ya danna. Fuskar sakataren ta bayyana, bakinsa a buɗe, yana kallon kai rabi da gashi rabi babu.

"Ina Makka," in ji Ramil da Rashanci. "Na yi Umra. Ka gaya masu ran Alhamis ina nan zuwa da ƙarfe goma."

Ya kashe wayar, ya mayar da ita cikin ɗamara. Abdulwasi'u ya dafa masa kai a hankali, ya karkatar da shi.

"Kada ka motsa, Alhaji. Saura hagu."