Wayar Fanka a Shigifar Malam Inuwa

A bazarar 1997 Asabe ta kawo wata tsohuwar kwamfuta gidan mahaifinta a Ƙofar Gayan. Mai buga takardu ce a wani ofis a unguwar Kongo, shi kuwa mahaifin, Malam Inuwa, tsohon magini ne da ciwo ya cinye wa murya, sai mutum ya matso yake jin abin da yake faɗa. Ya daɗe yana so a rubuta masa yadda ake ɗaurin guga na rufin soro da jera azara kafin su ɓace masa. Aka kafa tebur a shigifa, aka shimfiɗa masa tabarma a gefe.

Ranar farko, da azahar ta yi, na'urar ta tsaya cak saboda zafi. Asabe ta kira Harold, mutumin Wusasa da ke gyaran na'urori a wurin aikinsu. Ya buɗe akwatin na'urar, ya ɗaura sabuwar fanka, sannan ya nuna mata wata siririyar waya mai ɗan kai kamar na ashana.

"Wannan kan shi ke jin zafi," in ji shi. "Duk inda aka manna shi, zafin wurin fanka za ta bi. Ko a kan furosesa, mai yin lissafi, ko a kan faifan da ke ajiye rubutu, ko a bar shi yana lilo cikin iskar akwati."

"Ina ya fi, Malam Harold?"

"Furosesa. Ita ke fara zafi."

Ya manna a can ya tafi. Sai dai furosesa nan da nan take zafi, nan da nan ta huce. Da Asabe ta ajiye shafi ko ta koma baya duba wani abu, sai fanka ta ɗauki kuka, ta sauka, ta sake tashi. Muryar tsohon ta riƙa nutsewa a ciki. Asabe ta ce masa ya maimaita, ya maimaita, ta sake cewa. Can ya gyara zama, ya ja hularsa gaba, ya mayar baya.

"Ina muka tsaya ne?"

"Kan jiƙa ƙasa, Baba."

"Ai na wuce nan tuntuni."

Ya miƙe da sandarsa ya shige cikin gida. Asabe ta zauna tana kaɗa ƙafa, ta tashi ta leƙa zaure, ta dawo. Daga ƙarshe ta kwance murfin akwatin da wuƙar kicin, ta ɓamɓare wayar, ta bar ta tana lilo.

Washegari fanka ta yi laƙwas, da ƙyar ake jin ta. Malam Inuwa ya saki jiki. Daga maganar ƙasa ya gangara kan labarin wansa Sani, wanda suka ɗaura rufin wani soro tare a Tukur-Tukur, da yadda Sani ya riƙa rera waƙa a kan tsani don kada ƙanen ya duba ƙasa ya ji tsoro. Asabe ba ta taɓa jin wannan labari ba. Yatsunta na gudu, ta manta da ajiyewa. Iskar akwati ba ta ɗumama sosai ba, fanka ba ta ƙara gudu ba, furosesa kuwa tana ta ƙuna. Allon kwamfutar ya daskare. Ta kashe ta kunna, shafin ya tafi.

"Baba, ko za ka sake faɗar na Baba Sani?"

"Na faɗa," ya ce, ya juya fuska bango.

Ba ta iya cin abincin rana ba. Ta hau acaɓa zuwa Wusasa, ta iske Harold yana wa 'yarsa gyaran keke a ƙofar gida. Ya saurare ta har ta gama.

"Saura faifai," ya ce. "Shi a hankali yake zafi, don haka fanka za ta riƙe murya ɗaya. Amma ni ban ba ki shawarar yin haka ba, Malama Asabe. In rana ta take, fanka za ta makara, na'ura za ta iya tsayawa."

"Rubutun da na riga na ajiye fa?"

"Shi zai fi samun sanyi ma."

A hanyar dawowa ta sauya ra'ayi a Kongo, ta sake sauyawa kafin su shigo ganuwa. Da ta iso, ta manna wayar a jikin faifai da salatif. Ta sauke allon bugawa daga tebur, ta ɗora a cinya, ta zauna a tabarma daf da mahaifinta.

Fankar ta kama wani ɗan gurnani madaidaici da kunne ke sabawa da shi. Wasu ranakun da rana na'urar takan tsaya, amma Asabe ta koyi ajiyewa bayan kowane layi, kuma hannunta bai daina kaiwa jikin akwatin yana taɓawa ba. Suka gama babin ƙasa, suka shiga na azara kafin ruwan farko ya sauka. Sunan Sani ya sake fitowa sau da dama, amma a matsayin wanda ya miƙo itace ko ya riƙe igiya. Malam Inuwa bai ƙara ambaton waƙar ba, ita ma ba ta tambaya ba.