Hancin Mai Tanka

Tun da aka buɗe ƙofar matatar mai, direban da ake kira Mai Hanci bai zauna ba. Ya zagaya tankarsa, ya daki taya, ya koma ya sake dukanta. Layin lodin sinadarin zailin ya miƙe har bakin titi, rana kuma ta fara cizo.

Zailin ɗin da suke kai wa kamfanin fenti fari ne tas kamar ruwan famfo. Ragowar dizal kaɗan a cikin tanki ta isa ta rina shi, kamfani ya mayar da lodi, a karɓe makullin direba. Shi ya sa kafin lodi direbobi kan kira Mai Hanci ya hau, ya buɗe murfi, ya shinshina. In ya ce da tsabta, magana ta ƙare.

Abin da ba su sani ba, hancin ya mutu. Tun bara ƙamshin nan na zailin mai zaƙi-zaƙi ya fara yi masa nisa. Ranar da tukunya ta ƙone yana zaune kusa da ita bai ji komai ba, matarsa ta dube shi kawai.

Ƙanin matar tasa, sabon direba, ya iso yana haki. Ya ce jiya dizal ya ɗauko, masu wanki sun rantse sun wanke, amma shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba.

"Yaya, ara mini hancin nan. Ni ne na gaba."

Mai Hanci ya ce ƙafarsa na ciwo. Wani tsohon direba ya ce ai ba da ƙafa ake shinshina ba, aka kwashe da dariya. Dole ya hau.

Ƙarfen ya ƙona masa tafi. Ya buɗe murfin, ya sunkuya, ya ja numfashi. Zafi kawai ya ji, sai kansa da ya sara. Ya sake ja. A ƙasa, ƙanin ya ɗaga kai yana kare rana da hannu, ga sabuwar rigar kamfani ko karinta bai baje ba.

In ya ce da tsabta, aikin mutumin ya jefa a caca. In ya faɗi gaskiya, gobe sunan da zai rage masa direba kawai.

Ya rufe murfin, ya tofar da yawu.

"Koma wanki. Akwai saura."

Ƙanin ya fita daga layi yana zagin masu wanki, lodin yau ya wuce shi. Tsohon direban ya girgiza kai, ya ce irin wannan hanci ba a sake yin sa.

Mai Hanci bai gama saukowa ba, ya ga direbobi uku sun hau tankokinsu suna kwance murfi, kowa na yafito shi.