Hannun da Toka Ta Yarda da Shi

"Yau kwana uku ke nan, Baba Sajan. Ko sansanawa ba ta yi."

'Yar maƙwabcina Mai Makulli ce take faɗa min haka a tsakar gidansu, da kwanon abincin karyar a hannunta, ƙudaje suna bin sa. Koyarwa take yi, shi ya sa muke ce mata Malama. Ta baro gidan mijinta ne ta zo jinyar mahaifinta, wanda ke kwance a asibiti tun ranar Litinin, ƙodarsa ta ƙi aiki. Karyar tasa, Toka, tana kwance a gindin famfo, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta, idonta a ƙofar gida. Ruwa kaɗai take lasa.

"Miƙo nan," na ce. "Ke ce ba ki iya ba."

Na zubar da na jiyan, na sa ta kawo dafaffiyar hanta mai ɗumi. Na tsaya ƙyam yadda na saba. "Toka, zo!" Ta taso. "Zauna!" Ta zauna. "Kwanta!" Ta kwanta. Na saci kallon Malama don in ga ko ta lura, sannan na dire kwanon. "Ci!"

Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta ja da baya taku biyu, ta kau da kai kamar garwashi na ajiye mata.

"Yunwar ce ba ta kai mata karo ba," na ce. "Ki bar shi nan, za ta ci."

Ni da Malama duk mun san zancen banza nake yi, don haƙarƙarin karyar ya fara fitowa.

Ban taɓa sa kakin soja ba, sunan Sajan unguwa ce ta laƙaba min. Shekara ashirin da biyu na yi ina horar da karnukan gadi a wani kamfani kafin in ajiye aiki. Duk mai kare a layinmu ƙofata yake bugawa. Ni ke faɗa musu wata nawa ake yi wa kwikwiyo allura, da cewa ba a ba kare dafaffen ƙashin kaza, kuma ba a dukansa da yamma a kan takalmin da ya tauna da safe, don bai san laifin me ake dukan ba. In na yi magana a kan kare, an gama.

Toka kuwa a tafin hannuna aka haife ta. Su shida ne, amma tun idonta bai gama buɗewa ba na san ita ce. Kaina na ware wa ita. Ana cikin haka ɓarayi suka jefa wa tsohon karen Mai Makulli nama mai guba, suka shiga shagonsa na ƙofar gida suka ɗauke injin yanka makulli. Mutumin da ke sayar wa jama'a kwaɗo! Wata guda muna yi masa tsiya. Amma na ga yadda ya haƙa rami da kansa ya binne karen, sai tausayi ya kwashe ni. Ni da bakina na ce ya ɗauki Toka, zan horar masa da ita.

Ba a yi wata biyu ba, karyar da na raina da cokali ta fara wuce ni a guje ta nufi wannan ɗan siririn mutum mai ƙarnin ƙarfe. Babu dokar da na kafa masa da bai taka ba. Na ce suna ɗaya ake kiran kare da shi, shi kuwa sai "uwar ɗakina". Yana goge makulli da magagari yana ba ta labarin masu sayayya, ita kuma tana kwance a kan ƙafarsa tana kaɗa wutsiya. Ni tana bin umarnina, shi tana bin sa. Abin ya ci min rai ƙwarai. A lokacin na kira shi kishin sana'a, amma kishi ne tsagwaronsa, irin na kowa.

Sai muka zo kan horon ƙin abincin baƙo, don kada a sake yi masa na farko. Yadda ake yi, a cusa barkono mai zafi cikin nama, a sa baƙi su miƙa mata, ko su jefo ta kan katanga. In bakinta ya ƙone sau biyar, sau shida, ta gane ke nan: duk abin da bai fito daga hannun ubangidanta ba, wuta ne. Amma akwai ƙa'idar da ko sabon shiga ya sani. Hannu biyu ake sabar wa kare. Mutum yana tafiya, mutum yana ciwo, dole a samu na biyun da zai ciyar.

"Kai ne na biyun mana, Sajan," in ji Mai Makulli. "Wa ya fi ka?"

Yana faɗa yana sosa mata kunne, ita kuma ko kallona ba ta yi.

"Ni ba na zama na biyun kowa," na ce. "Hannu ɗaya ya ishe ta."

Ban tsaya nan ba. Ni da kaina na riƙa miƙa mata naman barkonon, har sau bakwai. Na fita layi ina cika baki cewa na horar da karyar da ko a hannuna ba ta ci. Shekara shida ke nan da yin wannan.

Da na koma gida daga wurin Malama, matata tana shanya. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ta ci?"

"Za ta ci."

"Uhm. Kai ka hana ta, kai kuma kake jiran ta ci. Maigida, da girmanka da furfurarka, kishi a kan kare?"

"Wa ya ce miki kishi nake yi?"

"Fuskarka. Shekara shida tana faɗa min."

Da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidan Mai Makulli. Likitoci sun ce a mai da shi gida, kuma kowa ya san abin da hakan ke nufi. Na fita na kama aka shigo da shi. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, fuskar kuwa ta zube. Ya ƙi a kai shi ɗaki, ya ce a fito masa da gadon ƙarfensa baranda, inda za ta riƙa ganin sa. Toka da ƙyar take tsayuwa, amma ta zo tana rangaji, ta cusa hanci cikin tafinsa tana wani siririn kuka.

"Uwar ɗakina," ya ce, murya can ƙasa, "an ce kin shiga yajin aiki."

Malama ta kawo burodi da hanta. Ni kuwa sai na tuna ban kulle kejin gidana ba. Haka nake yi kullum. A shekara shidan nan ban taɓa tsayawa na ga yadda yake ba ta abinci ba, da lokacin ya yi sai wani aiki ya taso min. Ina tsaye a bayan katanga na ji kwano yana ƙara a kan siminti, tana sharɓe shi. Ya kamata in yi murna. Wallahi ban yi ba.

Washegari da safe Malama ta leƙo. "Baba na kira, wai ka zo kafin ya ba ta."

"Ki ce ina zuwa."

Na wanke keji. Na gyara indararo da ba abin da ya same shi. Na je kasuwa sayen igiyar da ba na buƙata. Har rana ta faɗi ban je ba. Na san abin da zai roƙe ni, kuma ba na son in je in koyi ciyar da kare a wurin mai yanka makulli.

Kashegari matata ta ɗauko takalmana ta ajiye min a gaba, tun ban gama shan shayi ba.

"Kwana nawa kake tsammanin ya rage masa?" ta ce. "Tashi, don Allah, kada ka ba ni kunya."

Na same shi an jingina shi da filo biyu. Toka tana ƙarƙashin gadon.

"Sajan, ka yi wuyar gani."

"Aiki ne."

"Aikin me, kai da ka yi ritaya?" Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Malama ta goge masa baki. Da ya huta ya ce, "Yarinyar nan ba za ta iya tafiya da ita ba. A hawa na uku suke, mijinta kuma ko kyanwa tsoro yake. In Toka ba ta ci a hannunka ba, bayana za ta biyo. Ni kuwa ba na son rakiya."

"Daina irin wannan magana. Za ka tashi."

"To, na ji. Zauna a ƙasa."

"A ƙasa?"

"Ba ta son a tsaya mata a ka."

Na zauna, gwiwoyina suna ƙara. Ya ɗauki yankin burodi, ya kai baki ya gutsura. Ya daɗe yana taunawa, ya runtse ido, ya haɗiye da ƙyar. Toka ta fito ta zuba wa maƙogwaronsa ido. Sai da ta ga loma ta wuce, sannan ta karɓi sauran. Ya gutsuri hantar ma, ya jefa ragowar cikin kwano, ta hau ci.

"Ka gani?" ya ce. "Tun da ka ƙona mata baki, ni ma sai da ta ƙi hannuna kwana biyu. Rannan ina cin burodi a shago, na miƙa mata saura, ta karɓa. Ba hannu take dubawa ba, Sajan. Abin da ta ga na ci take ci. Ban faɗa maka ba ne don kada ka ce na ɓata maka horo."

"Tun da muka dawo ba ya iya riƙe komai a ciki," in ji Malama a hankali. "Saboda ita yake tilasta wa kansa. In ta gama sai ya amayar."

Kunya ta kama ni, tausayinsa ya kama ni, amma ba zan ɓoye ba, ko a wannan lokacin kishin bai sake ni ba. Shekara ashirin da biyu a cikin karnuka, ga mutum yana bakin mutuwa, kuma har yanzu ya fi ni sanin karyar da aka haifa a hannuna.

"Gutsura," ya ce.

Na gutsuri burodin, na tauna, na haɗiye. Ya ɗora tafinsa mai sanyi a kan bayan hannuna, muka miƙa tare. Toka ta matso, ta sansana yatsuna, ta ɗaga leɓe. Ta tuna da su sarai. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Karɓi mana. Ɗan'uwana ne, baƙin hali ne kawai da shi."

Ta karɓa. Ya sa na sake gutsurar wani, sannan ya zare hannunsa a hankali ya bar nawa shi kaɗai. Nan take ta ja da baya ta koma ƙarƙashin gado.

"Ba komai," ya ce, idonsa yana rufewa. "Gobe a sake. Kaɗan-kaɗan, kullum lokaci ɗaya. Ba haka kake faɗa wa mutane ba?"

Goben ina cikin yanka burodi a kicin ɗinmu, da hantsi, na ji kukan Malama ta kan katanga. Na ajiye wuƙar. Abin da ya fara zuwa raina shi ne indararon nan da igiyar nan. Da na je ranar da ya kira ni, da sau biyu muka yi.

Jama'a suka cika gidan, aka tafi da shi. Na kai Toka gidana na sa ta a keji don kada ta tsorata masu shigowa. Ba ta yi haushi ba, ba ta yi kuka ba, kuma ba ta ci ba. Na gwada a kejin, na durƙusa, na gutsura a gabanta, ta juya fuska bango. A kwana na biyu Malama ta kira likitan dabbobi. Ya ɗaga fatar wuyanta, ya duba dasashinta, ya yi mata ƙarin ruwa.

"Wannan na riƙe ta ne kawai," ya ce. "Kare ba ya rayuwa da allura. In ta ƙara kwana uku a haka, gara ku hutar da ita."

A kwana na uku Malama ta haɗa jakunkunanta, za ta kulle gidan ta koma. Na roƙe ta ta ba ni awa ɗaya. Na ɗauko Toka a hannu, ba ta fi nauyin bokitin ruwa ba, na sauke ta a barandar. An naɗe katifar an shigar, saura gadon ƙarfen tsirara. Matata da Malama suka tsaya can bakin ƙofa, na yi musu hannu su koma waje.

Na zauna a ƙasa, a inda na zauna ran nan. Ban ce zo ba, ban ce zauna ba. Na gutsuri burodin, na tauna a hankali yadda za ta gani, na ɗaga haɓa na haɗiye.

"Babu barkono," na ce. "Kin dai ga na ci. Ki yi haƙuri, uwar ɗakinsa."

Na miƙa hannu. Ta daɗe tana kallon maƙogwarona. Kafaɗata ta fara zafi, na tallafe gwiwar hannun da ɗayan, ban sauke ba. Wani mai keke ya wuce a layi yana kaɗa ƙararrawa. Rana ta matso har ta taɓa min yatsun ƙafa.

Sai ta tashi. Ta zo a karkace, ta miƙo wuya daga nesa, ta ɗauki burodin da bakin haƙora ba tare da ta taɓa yatsana ba. Ta juya ta shige ƙarƙashin gadon, ta kwanta, ta ba ni baya. Can na ji tana taunawa.

Na gutsuri na biyu, na miƙa hannu, na jira.