Gwiwar da Ta Ƙi Durƙuso

A gidan Malam Mika'ilu na Kwarbai ba a gaisuwa a tsaye. Ko da furfurarka, in ka shigo zaure sai gwiwa ta taɓa ƙasa kafin baki ya buɗe. Haka ya taras, haka kuma ya yi niyyar bari.

Autansa Suhaib bai taɓa saɓa wannan ba sai da ya dawo daga bautar ƙasa. A satin ya faɗi a filin ƙwallo, gwiwar dama ta kumbura suntum. Bahago mai ɗori ya lalluba ya ce ba karaya, targaɗe ne, ya shafa man shanu ya ɗaure. Kumburi ya saɓe, amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. In ya gwada durƙuso sai ya ji kamar an soka masa ƙusa ta gefen ciki. Ko a masallaci miƙe ƙafar yake yi, to amma Malam ne liman, liman kuwa ba ya ganin bayansa.

"Targaɗen wata shida?" in ji Malam. "Ni ma na yi targaɗe, kwana bakwai na hau kekena. Boko ne ya sandarar da kai, ba ƙwallo ba."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarsa. Kullum safe Suhaib zai rusuna iya ƙarfinsa ya ce, "Baba, ina kwana?" Malam ya ci gaba da buɗe littafi. Abin ya ci yaron ƙwarai, don babu abin da yake so a duniya irin "lafiya lau" ɗin tsohon nan.

Ana haka hawan jini ya kayar da Malam, ɓarin jiki ya shanye, harshe ya tafi. Suhaib ne ya yi jinyarsa a asibiti. Wani likita ya lura Suhaib ya kasa tsugunawa ya ɗauko buta a ƙarƙashin gado, ya tura shi hoton ƙashi.

Likitan ya ɗora hoton a jikin fitila, ya nuna wani farin zane siriri a gefen gwiwar, kamar yankan farce.

"Ka ga wannan? Jijiyar da ke riƙe gwiwa ce ta ji rauni, wajen warkewa sinadarin ƙashi ya taru a kanta, ta taurare. Ranar da ka faɗi ko an ɗauki hoto ba za a gani ba, sai an yi makonni yake fitowa. Za a sa ka atisaye, in ya ƙi a duba aiki."

Suhaib bai ji rabin bayanin ba. Shaida ya samu.

Da aka sallamo Malam, Suhaib ya jira ɗaki ya yi shiru, ya ɗaga hoton saitin taga.

"Baba, duba nan. Wallahi ba girman kai ba ne."

Tsoho ya daɗe yana kallon farin zanen. Hawaye ya gangaro ya shige gemu. Ya miƙa hannun da ke motsi ya dafa gwiwar.

"Baba, ina kwana?" in ji Suhaib, a tsaye.

Leɓen Malam ya motsa, ya sake motsawa. Suhaib ya kara kunne ya jira. Numfashi kawai ya fito.