Ƙanƙarar Malam Bala

Injin tsaga fata ne ya cire wa Salisu hannun dama daga wuyan hannu, a wata masana'antar jima da ke Challawa. Bai yi ihu ba. Ya dai tsaya yana kallon wurin da hannun yake a da, har sai da ya faɗi ƙasa.

Malam Bala ne ya yi abin da ya kamata. Dattijo ne ɗan garinsu daga Jigawa, shi ya kawo Salisu Kano, shi ya sama masa aikin, a ɗakinsa na Panshekara Salisu ya riƙa kwana kafin ya yi aure. Dattijon ya ɗaure dungulmin da igiya, ya naɗe hannun a tsumma mai tsabta ya sa a leda, ya karɓi kular mai sayar da ruwan sanyi a bakin ƙofa ya kwantar da ledar a kan ƙanƙara. Da suka isa asibiti likita ya buɗe kular, ya ce a gaban kowa, “Wanda ya yi wannan dabara shi ya ceci hannun nan.”

Wannan magana ta shiga kan Malam Bala ta zauna.

Aka wuni ana aiki. Da yake injin ya dagargaza bakin jijiyoyin jinin, sai aka yanko wata jijiya daga ƙafar Salisu aka yi ƙari da ita. Da ya dawo hayyacinsa likitan ya ja kujera ya zauna kusa da shi, ya yi masa bayani da Hausa, ba gaggawa.

“Jijiyar jini ba tiyo ba ce, Salisu, nama ce mai rai. Wannan an ciro ta daga mazauninta, an taɓa ta, an ɗinke ta a inda ba ta sani ba, saboda haka abu kaɗan ke sa ta tsuke. Sanyi na sa ta tsuke. Taba na sa ta, ko da hayaƙin wani ne. Zafin ciwo da firgici da ƙarancin ruwa a jiki, duk haka. In ta tsuke ta daɗe, jini ya daskare a ciki, hannun ya tafi. Ka ji ni?”

“Na ji, likita.”

“Maimaita mini.”

Ya maimaita, bai bar ko ɗaya ba. Aka kunna fitila a saman hannun don ta riƙa ɗumama shi. Yatsun suka yi jaja-jaja kamar na jariri. Salisu yakan dube su ya rasa abin da zai ji game da su. Ba ya jin su. Abin da yake ji shi ne raɗaɗi daga ɗinkin zuwa gwiwar hannu, kamar an zuba garwashi a cikin bandejin.

Ranar Lahadi bayan azahar Malam Bala ya zo dubiya tare da Yohanna, abokin aikinsu ɗan Kafanchan. Lokacin bazara ne, ɗakin kamar tanda. An ɗauke wuta, fitilar ta mutu, Firdausi matar Salisu ta tafi gida ɗauko abinci, ma'aikaciyar jinya kuma tana can ƙarshen ɗakin kan wani da ya galabaita.

“Ango, kwance kake kana hutawa mu muna shaƙar warin fata,” in ji Yohanna. “Ka ba ni gadon nan na kwana biyu mana.”

“Sai ka kai wa injin naka hannun.”

“Ni da nake cin tuwo da hannu bibbiyu? Bar ni da kayana.”

Malam Bala bai yi dariya ba. Yana kallon gumin da ke tsattsafowa a goshin Salisu. “Yana maka zugi ko?”

“Kaɗan, Baba.”

“Ƙarya kake. Na san fuskarka tun kana yawo ba wando.” Ya sunkuya ya buɗe wata 'yar kula da ya shigo da ita. “Tun daga Panshekara na riƙo ta a cinya. Ƙanƙara ce ta kawo hannun nan lafiya, ita za ta ƙarasa aikinta.”

Ya fito da ƙanƙara a leda, ya ɗora ta a hankali a kan bandejin, daidai wuyan hannun, ya dafe da tafinsa.

Salisu ya san abin da ake yi masa. Ba mantawa ya yi ba, ba kuma magani ne ya juya masa kai ba. Maganar likita tana kunnensa kalma bayan kalma. Ya buɗe baki ya ce, “Baba, da kun...”

“Kwanta abinka, ɗana. Ba wahala ba ce.”

Sai ya rufe bakin. Ya dubi furfurar gemun mutumin, ya dubi rigarsa da ruwan kular ya jiƙa a cinya. Ta yaya zai ce wa wanda ya tsince hannunsa daga ƙasa ya ɗauke nasa hannun, kuma a gaban Yohanna? Ya ce a ransa bari ya ɗan jima, sai ya ce ya isa. Sanyin kuwa ya ratsa, raɗaɗin ya lafa, karo na farko tun da ya farka. Suka shiga hirar wanda aka ɗora a kan injin. Da ƙanƙarar ta narke Malam Bala ya sauya wata.

Mutane na kiran irin wannan shiru kunya, har su yaba wa mai ita. Ba kunya ba ce. Tsoron ɓata ran babba ne, kuma da an tambayi Malam Bala, da ya zaɓi a ɓata masa rai sau dubu.

Bayan la'asar suka yi sallama suka tafi. Da ma'aikaciyar jinya ta zo zagaye ta tarar da bandejin sharkaf, yatsun sun koma fari-fari kamar tsohon kyandir. Ta latsa farce, jini bai dawo ba. Ta tafi da sauri ta kira likita.

Likitan ya taɓa bandejin, ya dubi Salisu. “Wa ya sa maka ƙanƙara?”

“Ni na ce a sa.”

“Kai da ka maimaita mini da bakinka?”

Salisu ya kau da kai. Aka gungura shi ɗakin tiyata. Aka buɗe, aka wanke jijiyar, aka zuba mata maganin da ke sa ta saki. Ta ɗan saki, ta sake toshewa. Da yatsun suka fara baƙi, aka cire hannun, wannan karon da sa hannun Firdausi a takarda.

Malam Bala ya dawo ranar da aka sallami Salisu, don ya raka su gida. A cikin adaidaita sahu ya zauna a gefensa, yana ta kallon dungulmin da aka naɗe. Sai da suka wuce Sharada ya yi magana.

“Mun yi iya yinmu, Allah bai nufa ba.” Sannan ya ƙara da cewa, “Amma dai ran nan ka ɗan ji sauƙi ko? Da na sa maka?”

Firdausi ta juyo ta dubi mijinta. Ita kam likita ya gaya mata komai.

“Na ji sauƙi, Baba,” in ji Salisu. “Allah ya saka da alheri.”

Ya mai da kansa waje, yana kallon manyan motocin da ke layi a bakin masana'antu.