Baƙaƙen Takardun Baba

Kwana uku na yi ina gyaran ɗakin Baba kafin matar gidan adana tarihi ta zo. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, sai yanzu aka tuna ya yaƙi Turawan mulki da alƙalami har sun ɗaure shi sau biyu. Ban yi murna ba, ban ji haushi ba. Ni dai kada baƙuwa ta ce 'yarsa ƙazama ce.

Na goge tafiretarsa, na jera jaridun da ya yi rubutu a ciki. A ƙarƙashin gado na jawo akwatin ƙarfe cike da takardun kabon, baƙaƙe wuluk, irin waɗanda ake sawa tsakanin takardu biyu don a samu kwafi. Tun ina ƙarama yake kora ta daga wurinsu: "Kar ki taɓa, za ki ɓata." Na ɗauka hannuna yake nufi, don duk wanda ya taɓa su sai ya koma kamar mai sayar da gawayi. Na kwashe su zuwa tsakar gida na ƙyasta ashana. Ko minti goma ba su yi ba.

Matar ta zo da safar hannu fara da ƙaramin madubi. Ta duba jaridun sama-sama.

"Waɗannan muna da su, Yaya," ta ce. "Kabon ɗin na zo nema."

Ta ce littafinsa na ƙarshe, wanda 'yan sanda suka ƙwace suka ƙona, bai salwanta ba. Baba ya rubuta wa wani abokinsa cewa kowane shafi da sabon kabon ya buga shi, sau ɗaya tak, ya ɓoye. Da madubi ake karantawa, don rubutun a juye yake.

"Shafi ɗari uku da wani abu. Suna ina?"

Na nuna mata tsakar gida. Na riga na share wurin, har ruwa na yayyafa.

Ta zauna a bakin gadon, madubin a cinyarta. "Ko ɗaya bai rage ba?"

Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Na duba hannuna. Sau uku na wanke shi jiya da sabulu, amma baƙin yana nan a ƙarƙashin farce.

Na miƙa mata yatsuna, duka goman.